A sayar da hurden ko a riƙe shi? Muhawara kan kiwon dokin dogon zango

Ɗan Kano a Faransa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masoya doki. Wata magana ce ta hana ni sukuni kwana uku, na ga gara in kawo ta nan inda manya suke.

Shekara biyu ke nan kusan duk ƙarshen mako nake barin birnin Montpellier in hau tsaunukan Lozère a kudancin Faransa wajen wata dattijuwa mai 'yar gonar kiwon dawakai. Goɗiyoyi biyar gare ta, da 'ya'yansu masu tasowa, duka-duka kai goma sha huɗu. Ita ce mai gona, ita ke zuba harawa, ita ke kwashe kashi. Ina taya ta aiki, ita kuma tana koya mini hawan dogon zango, wato tseren da ake cin kilomita 80, ko 120, har 160 a kan doki ɗaya cikin yini ɗaya. Wanda bai san nisan 160 ba ya ƙiyasta Kano zuwa Zariya, sai dai nan hawa da gangara ne a kan duwatsu.

Tana da wani hurde ɗan shekara bakwai, a hannunta aka haife shi. Watan jiya ya yi kilomita 120. Ni ne mai riƙe bokiti a zangon ƙarshe. Ya shigo jina-jina da gumi, muka sauke sirdi muka dinga kwara masa ruwa a wuya da ƙirji, ta ɗora kunnenta a haƙarƙarinsa tana duban agogo. Ba a yi minti uku ba ta ɗago kai ta ce mu je wajen likita. Da likita ya gama dubawa, dokin nan sai ya sunkuya ya ci gaba da cin ciyawa kamar daga kiwo ya dawo.

Washegari wani dillali ya kira ta. Wata barga a yankin Gulf na son sa, kuma kuɗin da suka taya zai riƙe gonar shekara uku cif. Rufin rumbun harawarta yana yoyo, kuma tun farin 2022 da ciyawa ta yi tsada ba ta gama farfaɗowa ba. Amma burinta tun da aka haife shi shi ne ta hau shi da kanta a tseren Florac, babban tseren kilomita 160 da ake yi a yankin. Ta tambaye ni ra'ayina, na rasa abin cewa. Ni ma ina da goɗiyoyi biyu a gida hannun ƙanena, kuma ina mafarkin irin wannan kiwo. Don Allah me kuka gani?

Mai Goɗiya Uku:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ta sayar. Ban ga abin dogon tunani ba. Mai kiwo ba ya auren dokinsa. Ni nan wajen Gumel nake, duk duƙushin da na raina Maigatari yake ƙarewa ranar Alhamis, kuma kowane da ciwon rabuwarsa. Amma kuɗinsa ne ke sayen geron iyayensa. In ta riƙe ɗaya ta rasa abin ciyar da sha ukun fa?

Baban Barga:
Yaro, kafin a kai ga kuɗi, shekarar dattijuwar nan nawa?

Ɗan Kano a Faransa:
Baba, ta haura sittin. Har yanzu tana hawa, sai dai gwiwa na damun ta.

Baban Barga:
To ka ga inda maganar take. Ba ta da wasu shekaru bakwai na jiran wani irinsa. Ku yara kuna ganin doki kamar mota, a sayar da wannan a sayi waccan. Na fi shekara arba'in ina ɗaure doki a turke, nagartattun da suka ratsa hannuna, waɗanda in na tuna su har yau ƙirjina ke motsi, ba su wuce uku ba. Ni da zan ba ta shawara, ta rage kai huɗu ko biyar daga cikin matsakaitan, ta gyara rufi, ta bar wannan.

Mai Goɗiya Uku:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma matsakaitan wa zai saya da daraja? Biyar ɗinsu a haɗe ba za su yi rabin kuɗin wannan ba. Kowa ya san haka kiwo yake: guda ɗaya ne ke biyan bashin goma.

Likitar Dabbobi:
Bari in ɗan yi bayani saboda na ga wasu suna tambaya a gefe, wai me ya sa ake lissafin shekara bakwai da takwas, bayan dokin sukuwa tun yana ɗan shekara biyu ko uku ake sa shi a fili.

Goɗiya tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya, kwana 340 ko kusa da haka. A yaye ɗan yana wata biyar ko shida. Daga nan sai ci da wasa a fili, don ƙashin doki ba ya gama ƙwari da wuri. Na gadon baya ne ke zuwa ƙarshe, wajen shekara biyar zuwa shida. Idan aka fara horo kuma, zuciya da huhu su ne masu saurin karɓa, cikin 'yan watanni za ka ga canji. Jijiyoyin ƙafa sun fi jinkiri, ƙashi ya fi kowa. A nan ake yaudaruwa: doki ya nuna maka numfashi da kuzari, ka ɗauka ya shirya, alhali ƙafarsa ba ta kai inda zuciyarsa ta kai ba. Shi ya sa hukumar wasannin dawakai ta duniya, FEI, ba ta barin doki ya shiga kilomita 160 sai ya cika shekara takwas, kuma sai ya bi matakai, ya gama gajerun tafiye-tafiye lafiya kafin a ba shi izinin dogo.

Shi kansa tseren ba a yin sa a miƙe. Ana raba shi zango-zango, kowane kamar kilomita 20 zuwa 40. Ƙarshen kowane zango akwai shingen likitoci. Sai bugun zuciya ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya ko ƙasa da haka cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade, in bai sauko ba an fitar da kai. Likita zai ɗaga leɓe ya danna dasashi ya ga yadda jini ke dawowa, ya tsunkuli fatar wuya ya ga ko ruwan jiki ya ƙare, ya saurari kukan hanji, ya shafa baya wajen zaman sirdi, sannan a ja dokin ya yi sassarfa mita 40 ya dawo. Ɗingishi kaɗan, an gama da kai. Ko kai ka fara tsallake layin ƙarshe, ba ka ci ba sai dokinka ya wuce wannan dubawar.

To dokin da zuciyarsa ke sauka cikin minti uku bayan kilomita 120, shi dillalai ke farauta, domin agogo bai tsaya maka ba sai ka gabatar da doki gaban likita. Duk mintin da wani ya ɓata yana kwara ruwa, kai ka ci shi a tsaye. Dillalin nan ya san abin da ya gani.

Mai Sukuwa:
Likita, ni dai har yanzu ban ga daɗin wasan ba. Tseren da za a wuni ana sassarfa, 'yan kallo ba sa ganin komai sai bokiti?

Ɗan Kano a Faransa:
Ƙanena, nima haka na ce da farko. Amma ka tashi ƙarfe biyar na asuba da fitila a goshi, dawakai sama da hamsin suna huci cikin duhu da sanyi, ka hau dutsen Aigoual gari na wayewa, ka sauko kana ja da ƙafa don ka sauƙaƙa wa dokinka, ka kai kilomita na 90 ka ji ya fara tambayarka ko da sauran tafiya, kai ma jikinka ya mutu, sannan ku lallaɓa juna ku ƙarasa. Ban taɓa sanin doki ba sai a nan.

Kuma yankin nan da tarihinsa. Hukumar gandun dajin Cévennes ce ta sayo wani ingarma Balarabe a shekarun 1970, sunansa Persik, haifaffen gonar Tersk ta Rasha a 1969, don ya riƙa barbarar goɗiyoyin manoman yankin. Shi ya ci tseren Florac na farko a 1975, ya sake ci a 1976. Ya rayu har 2001. Jininsa ya bazu a dawakan dogon zango na duniya, kuma ƙananan makiyaya irin dattijuwar nan ne suka raya shi, masu goɗiya uku, huɗu, biyar. Kakar hurden nan 'yar Persik ce. Shi ya sa Florac a wajenta ba tsere ba ne kawai.

Na Maraɗi:
Ni abin da ke damuna ba kuɗin ba ne, inda dokin za shi ne. Kowa ya san abin da ya faru a 2015. A watan Maris na shekarar FEI ta dakatar da hukumar dawakai ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saboda yadda dawakai ke karyewa da mutuwa a tserensu, sai a watan Yuli aka ɗage bayan sun sa hannu kan gyara. Hoton dokin nan da ƙafafunsa na gaba biyu suka karye a kan rairayi ya zaga duniya. Dokin da aka raina a kan dutse yana lissafin inda zai taka, a kai shi fili shimfiɗaɗɗe a ce ya zuba gudu, motoci na bin sa a gefe? Ni ba zan iya ba.

Tsohon Ɗan Dubai:
Na Maraɗi, ka yi haƙuri in tanka, domin shekara takwas na yi ina aikin barga a can, ba labari aka ba ni ba.

Abin da ka faɗa ya faru, ba zan musa ba. Na ga dokin da aka kawo da ƙafa lafiya, bayan kaka biyu jijiya ta tafi. Dalilin kuma a fili yake: hanya a shimfiɗe take, ana gyara ta, babu dutsen da zai tilasta maka rage gudu. Sai a cinye kilomita 160 ana wuce kilomita 20 a awa, zangon ƙarshe kuma wani lokaci har ya haura 30. Sau da yawa mahayin bai san dokin ba, da safen nan aka miƙa masa linzami. Mahayin da bai san dokinsa ba ba zai ji lokacin da takunsa ya canza ba.

Amma a yi adalci. Bargar da na yi aiki, doki na kwana cikin sanyin na'ura, likita na zagayawa safe da yamma, harawa daga ƙasashen waje ake kawo ta, akwai wurin ninƙaya na dawakai. Mu 'yan barga, da 'yan Indiya da Pakistan da Sudan, wallahi muna kuka in doki ya lalace, domin mu muke kwana da shi. Kuma a Abu Dabi akwai filin Boudheib, inda marigayi Sheikh Sultan bin Zayed ya kawo tsarin taƙaita gudu, ya matse ƙa'idar bugun zuciya, ya mai da mafi yawan kyauta ga dokin da ya gama da lafiya mafi kyau. Karaya ta ragu ƙwarai a can. Don haka ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Sannan ku tambayi makiyayan Faransa da Ostireliya da Uruguwai, wa ke sayen dawakansu da tsada? Ba don kuɗin Larabawa ba da rabin ƙananan gonakin nan sun rufe. Shugaban Dubai da kansa mahayi ne, shi ya ci gasar duniya a Euston Park ta Ingila a 2012. Kuɗin da ke gurgunta wasu dawakai shi ne kuɗin da ke ciyar da iyayensu. Ni na kasa raba su.

Na Maraɗi:
Na ji, kuma na gode da ka faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Amma ka lura, duk abin da ka lissafa na jin daɗi a cikin barga yake. Ni a kan hanya nake tsoro.

Tsohon Ɗan Dubai:
Haka ne. Shi ya sa nake cewa ta tambayi wace barga ce, wane ne mai horarwa, dawakai nawa ya saya shekara biyar da suka wuce kuma nawa ne har yanzu suke gudu. Sakamakon kowane doki yana rubuce a shafin FEI, da inda aka fitar da shi da dalili. Ta zauna ta duba. Dillali ba zai gaya mata ba.

Malamin Unguwa:
Masha Allah, muhawara mai amfani. Ina so in tunatar da mu cewa ware dokin dogon zango da na gajere ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ya tabbata daga Abdullahi ɗan Umar, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere tsakanin dawakan da aka hore aka tsane musu jiki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar ko shida. Waɗanda ba a hore ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kawai aka sa su, kamar mil ɗaya. Ku duba: kowane doki an ba shi gwargwadon shirinsa. Sayarwa halal ce, babu shakka. Amma wanda ya raini dabba, in yana da zaɓi tsakanin hannu biyu, ya nemi wanda ya fi tausayi ko da kuɗinsa bai kai ba.

Mai Goɗiya Uku:
Allah ya saka, Malam. Amma hannu na biyun bai zo ba tukuna. Ɗaya ne a ƙasa.

Ni bari in karkata ga maganar goɗiyoyinka na gida, ɗan Kano, don nan ne na san abin da nake faɗa. In kana tunanin ka yi irin wannan kiwo a nan don ka sayar waje, ka sake lissafi. Wa zai jira shekara bakwai yana zuba gero da dusa da harawar wake a bakin dokin da bai kawo sisi ba? Masu sayenmu uku ne: mai hawan sallah yana neman tsayi da kyan wuya, ɗan sukuwa yana neman Talon ko jinin Sudan mai tashin farko, ɗan folo yana neman mai saurin juyi. Babu mai tambayarka bugun zuciya.

Likitar Dabbobi:
Kuma akwai katangar da ta fi kasuwa tsayi: cutar dawakai ta Afirka, wadda ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa, musamman da damina. Dokin da jininsa bai san ta ba, in ta kama shi da wuya ya tashi. Tana iya kashe tara cikin goma. Saboda ita ƙasashe ke rufe ƙofa. Amurka sai doki ya yi kwana 60 a killace in daga ƙasar da ke da cutar ya fito. Afirka ta Kudu ma, da take da masana'antar rigakafi a Onderstepoort da tseren Fauresmith na kilomita kusan 200 cikin kwana uku, ta sha wahalar fitar da dawakanta zuwa Turai. Ta wancan gefen kuma, in ka kawo tsantsar Balarabe daga Faransa ka ɗaure shi a Kano ba rigakafi ba gidan sauro, damina ɗaya na iya raba ka da shi. Ga kaska, ga sammore in ka yi kudu.

In ma za ka sayi jinin Larabawa, ka nemi takardar gwaji. Akwai cutar gado da ake kira SCID, duƙushi ya zo duniya ba garkuwar jiki, ya mutu cikin 'yan watanni. Uwa da uba lafiyarsu lau a ido, amma in dukansu suna ɗauke da ita, kowane ciki akwai tsoron ɗaya cikin huɗu. Kamar dai yadda muke gwajin sikila kafin aure.

Baban Barga:
Likita, ni ban ga dalilin da za a je neman juriya a Faransa ba. Dawakanmu na Arewa, ƙananan nan da ake rainawa, da su kakanninmu suka yi fatauci da yaƙi. Ina yaro, mahaifina kan tashi bayan sallar asuba a kan wani bikili gajere, ya je ƙauyen kakanninmu ya gaida mutane, ya dawo kafin isha, washegari dokin ya fita kilisa. Ba takalmin ƙarfe, ba allura. Gero ne da harawar gyaɗa da kanwa. Mu muka lalata su: muka ɗaure su a turke wata goma sha ɗaya muna ɗura musu dusa su yi ƙiba, ranar sallah a ɗora musu kaya mai nauyi da linzami mai kaifi a ce su yi zamiya. Dokin da bai taka kilomita biyar a mako ba.

Likitar Dabbobi:
Baba, wannan gaskiya ce tsantsa. Mafi yawan ciwon cikin da ake kira na a kai bayan sallah daga nan yake: hatsi da yawa, ciyawa kaɗan, ba motsi, sannan aiki mai tsanani rana ɗaya. Cikin doki don ciyawa aka yi shi. Ya kamata a yini ya ci busasshiyar ciyawa da harawa kamar kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa, hatsi ya zama ƙari. Kanwar da kuke ba su kuma hikima ce, don doki na iya zubar da lita goma zuwa sha biyar na gumi a awa ɗaya in ana zafi, kuma guminsa da gishiri yake fita sosai. Sai dai a haɗa da gishirin ci, a kuma bar shi ya sha ruwa a hanya. Maganar da ake yi cewa kada a shayar da doki yana cikin tafiya ta kashe dawakai da yawa.

Mai Sukuwa:
To Baba, in an yarda namu za su iya, wa zai hau goɗiya ko dandaƙaƙƙe a garin nan? Na ji an ce a can su ne suka fi yawa a tseren.

Ɗan Kano a Faransa:
Haka ne, hurden ma dandaƙaƙƙe ne. Dalilinsu shi ne ingarma na ɓata ƙarfinsa wajen haniniya da neman faɗa, ga goɗiyoyi a ko'ina, zuciyarsa ba ta saurin kwanciya a shingen likita. Amma akwai ingarmu masu sanyin hali da suke yi, Persik ma ai ingarma ne. Ni abin da na koya a wajen dattijuwar shi ne daraja goɗiya. Ba ta sa goɗiya a kiwo sai ta hau ta ta ga abin da za ta iya. Mu kuwa sai mu zuba kuɗi a kan uba, uwar ko wacce aka samu.

Baban Barga:
Wannan kam ka faɗi abin da ya kamata a rubuta. Rabin doki uwarsa ce, halinsa kuma kusan duka nata ne, don ita yake bi wata shida.

Na Maraɗi:
Ni ina ganin kada mu tsaya jiran FEI ko Larabawa. Amurkawa da suka fara nasu a 1955, wani Wendell Robie ne da abokansa 'yan kaɗan suka hau daga wajen tafkin Tahoe zuwa Auburn a Kalifoniya, mil 100 cikin yini ɗaya, don su nuna dawakan zamaninsu ba su gaza na da ba. Shi ne tseren da ake kira Tevis a yau. Kusan rabin masu shiga ne ke gamawa, kuma abin da mai gamawa ke samu kan ɗamara ne na azurfa. Akwai kofi na musamman, Haggin, na dokin da ya fi lafiya cikin goman farko, wasu sun fi ganin girmansa a kan na wanda ya zo na ɗaya. Me zai hana mu gwada kilomita 20 kawai, da sanyin hunturu?

Likitar Dabbobi:
In za a yi, sai dai tsakanin Disamba da Janairu, a tashi da asuba a gama kafin hantsi ya yi zafi. Zafi ba abin wasa ba ne: a gasar duniya ta Tryon a Amurka, Satumban 2018, dakatar da tseren aka yi ana tsakiyarsa saboda zafi da gumin iska sun fi ƙarfin dawakai. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai so ya fara yanzu: tafiya da sassarfa, kwana uku ko huɗu a mako, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har wata uku. A sauke babban sirdin ado, a duba majayi kada ya yi miki. Zan zo da abin sauraron ƙirji kyauta, da sharaɗi ɗaya: in na ce doki ya tsaya, ya tsaya, ko na wane ne.

Baban Barga:
Na yarda da sharaɗin, 'yata. Jikana zai hau kilina.

Mai Goɗiya Uku:
Ni ma zan kawo babbar goɗiyata, ba ta da ciki bana. Duk mai dariya ya yi.

Ɗan Kano a Faransa:
'Yan uwa, na dawo da labari. Na karanta mata duk abin da kuka rubuta, ina fassara mata a teburin kicin. Da na zo kan maganar Baba ta shekarunta, ta yi shiru ta daɗe. Shawarar yayana na Dubai ta bi: kwana biyu muna duba sakamakon dawakan mai horarwar ɗaya bayan ɗaya. Ba duka ne suka yi kyau ba, amma akwai da dama da suka kai shekara goma sha biyu, sha uku suna gamawa lafiya. Ta nemi a rubuta cewa in ya gama aiki ko ya samu rauni a fara tuntuɓarta. Sun yarda, ko da yake ita da kanta ta ce takarda ba ta bin doki cikin jirgi.

Ta sayar. Jiya likitansu ya zo ya ɗauki hoton ƙafafu huɗu da jini. Yau da safe motar ta zo. Ita ta goge shi da kanta, ta tsefe masa geza, ta cusa wa direban buhun harawar gonar don kada canjin abinci ya taɓa masa ciki a hanya. Da aka zo shiga mota ta miƙo mini ragamar ta ce in shigar da shi, ta juya ta nufi wajen goɗiyoyi. Bai yi gardama ba, ya bi ni kamar kullum.

Ƙanwarsa tana nan, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta huɗu. Ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce ko nawa aka taya. Ta kuma ce in gwiwarta ba ta kai ta shekara huɗu nan gaba ba, ni zan hau ta a Florac, don haka in fara rage zama a mota.

Baban Barga:
Allah ya sanya alheri, ya ba ta haƙuri. Ka gaishe ta, ka ce wani tsoho a Katsina ya san abin da ta ji yau.

Tsohon Ɗan Dubai:
Turo mini sunan dokin da na bargar ta gefe. Ina da abokin aiki ɗan Sudan da har yanzu yake can, zan sa ya riƙa leƙa shi yana aiko mana da hoto.

Likitar Dabbobi:
Masu zuwa gwajin Janairu, kowa ya auna bugun zuciyar dokinsa da safe kafin a ba shi abinci, kwana bakwai a jere, ya rubuta. A bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu za ku sa hannu ko kunne, ku ƙirga na daƙiƙa 15 ku ninka sau huɗu. Lafiyayye yana tsakanin 28 da 44. Sannan wa zai ɗauki nauyin kai jarkokin ruwa kilomita na goma? Aƙalla jarka biyu ga kowane doki.

Na Maraɗi:
Ruwa a wuyana, ina da a-kori-kura. Ku dai faɗa mini dawakai nawa ne kafin ƙarshen wata.